Direban da Yake Tari a Kwana

Wata huɗu ke nan direban Baba yana tari, alhali lafiyarsa ƙalau. Motar ce ba ta da lafiya.

Shekara ashirin da uku yana tuƙa tsohon, goma sha tara daga ciki a wannan doguwar motar mai ruwan toka, wadda kujerar gabanta ta lotsa daidai jikinsa. Rabonta da gareji tun ranar da Anti, babbar 'yar Baba, ta tsaya a tsakar gida ta yanke hukunci. "Wannan ne gyara na ƙarshe. Ko atishawa ta sake yi, sayar da ita za mu yi, direbana ya riƙa kai Baba asibiti." Ba ta ambaci direban Baba ba, ai ba sai an ambata ba. In mota ta tafi, me zai tsaya tuƙawa, kujerar falo?

To, ba a yi wata biyu ba sitiyari ya fara kuka. Da zarar ya murza shi sosai a kwana sai a ji wani ƙiii, kamar an taka jelar kyanwa. Ya duba man sitiyari, yana nan cike. Ransa ya ba shi famfon sitiyarin ne ya mutu, daga nan bai ƙara buɗe bonet ba, don bai son ya tabbatar. Ga shi bakaniken gidan ba ya riƙe sirri, ko ƙusa ya ɗaure sai ya buga wa Anti waya.

Rediyo ya fara gwadawa, Baba ya ce a kashe, surutu yana sa masa ciwon kai. Sai ya koma tari. Yana hango kwana zai gyara zama, ya ja numfashi, ya murza sitiyari ya saki tarin a tare. Har ya ƙware: ƙaramar kwana gyaran murya, shataletale kuwa tari uku masu nauyi har da dukan ƙirji. Daga gida zuwa asibiti sau goma sha ɗaya ake shan kwana, duk ya haddace su.

Daga baya birki ya biyo sahu. In ya taka ya riƙe, sai ƙafarsa ta yi ta nutsewa a hankali har ƙasa, sai ya saki ya sake bugawa sau biyu kafin ya kama. Shi wannan ba ya ƙara, bai buƙatar tari. Sai kawai ya koma tafiyar hawainiya, yana fara tsayawa tun daga nesa.

"Kai kam ka iya tuƙi," in ji Baba daga kujerar baya. "Yaran yanzu sai gaggawa."

"Allah ya ƙara lafiya, Baba." Kunya ta hana shi duban madubi.

Ranar wata Talata da hantsi, dab da ƙofar asibiti, wata mata da goyo ta sauko titi. Ya taka birki, ƙafarsa ta wuce har ƙasa. Ya buga, ya buga, babu. Ya fizgi birkin hannu, motar ta yi tsalle ta tsaya, tsakaninta da zanen matar bai kai taku ɗaya ba. Tabarau ɗin Baba ya faɗo ƙasa. Matar ta zage shi tas, ta haɗa da wanda ya ba shi lasisi, kuma bai ga laifinta ba.

Baba ya laluba ya ɗauki tabarau ɗinsa. "Tarin ne ya taso maka?"

"Shi ne, Baba."

Yana sauke tsohon wajen likita ya wuce gareji a giya ɗaya, hannunsa a kan birkin hannu. A sayar ɗin. Gara ya rasa aiki da ya ɗauki rai.

Bakaniken ya fito daga ƙarƙashin wata motar yana goge hannu da tsumma. Ya sa aka tayar da injin, ya ce a murza sitiyari har ƙarshe. Ƙiii. Ya ɗebo ruwa a murfin gora ya yayyafa wa bel ɗin da ke juya famfon, kukan ya ɗauke ɗif, can ya dawo.

"Bel ne ya saki, ya yi santsi. Tun yaushe?"

"Kwanan nan."

"Kwanan nan? Bel ɗin da ya yi ƙyalli kamar goshin mai sanƙo?"

Ya shiga ya taka birki ya riƙe, yana kallon ƙafarsa tana sauka. Ya fito ya duba man birki, bai ragu ba. Ya leƙa bayan tayoyin huɗu, babu inda ya jiƙe.

"Ba waje yake yoyo ba, a ciki yake zagayawa. Robar cikin masta, famfon da ke tura man birki, ita ce ta cinye. Malam, da wannan kake ɗaukar tsoho? Kai da Allah."

Kafin likita ya gama da Baba an sa sabon bel, an canja roba, an fitar da iskar birki. Suka fita gwaji, bakaniken a gefe. Birki ya kama cak. A kwanar farko sitiyari ya juya shiru, direba kuwa ya saki tari mai nauyi.

Bakaniken ya dube shi. "To, wannan ƙarar dai ba ta mota ba ce."

A gabansa ya buga wa Anti waya, ya ce ɗan abu ne, an gyara, kuma motar nan in an kula da ita sai ta binne sababbi goma. Direba ya ji muryarta tana cewa alhamdu lillahi, dama Baba ya ƙi zancen wata motar. Daɗi ya cika shi har ya rasa inda zai sa kansa. Wata huɗu yana yage maƙogwaronsa a kan bel.

Da la'asar aka kira shi falo. Baba yana kan kujerarsa da bargo a gwiwa, Anti a gefe. Aka ce ya zauna a kujera, abin da ba a taɓa ce masa ba.

"Kawu," in ji Anti, don haka take kiransa tun yana kai ta makaranta, "mota ta samu lafiya, saura kai. Baba ya gaya mini abin da ya faru yau."

"Ni na matsa a kira ka," in ji Baba. "Ina ƙirgawa. Sau goma sha ɗaya zuwa, sau goma sha ɗaya dawowa, kullum. Ina zaune a baya kamar sarki, kai kana mutuwa a gaba. Wane irin mutum ne ni? Ka huta haka nan. An samo wani zai karɓi makullin, asibitinka kuma a wuyana."

"Baba, wallahi ni lafiyata ƙalau."

"Haka kuke cewa dukanku," in ji Anti. "To in lafiyarka ƙalau, me ya hana ka tsayawa yau?"

Ya buɗe baki. Amsar tana nan, gajeriya: birki ne, kuma ya sani tun tuni, yana sane ya yi ta ɗaukar mahaifinta a haka saboda kada ya rasa abincinsa. Ya dubi tsohon, ya ga ya cire tabarau yana share ido da gefen bargo, yana kuka saboda shi.

Ya sa hannu a aljihu ya ciro makullin, ya ajiye a kan tebur a hankali.

"Gaskiya ne, Baba," ya ce. "Ƙirjin ya daɗe yana damuna."