Maiwada da Miyar Kuɓewa

Duk wanda ya tashi tsakanin Ƙarfi da Malumfashi ya san Maiwada ɗan tauri, in bai gan shi ba, ya ji shi a bakin ubansa. Irin mazan nan ne na da, waɗanda aka dafa tun suna goye. Wuƙa in ta taɓa cikinsa sai ta lanƙwashe. An taɓa saransa da gatari a rikicin iyakar gona, gatarin aka kai maƙera. Kwalara ta zo ta wuce, sanƙarau ya zo ya wuce, fari ya share shanun gari, shi yana nan daram. Sharaɗi ɗaya wanda ya ba shi maganin ya gindaya masa, kada kuɓewa ta shiga bakinsa, don yauƙinta yana karya tauri.

To abin da ƙarfe ya kasa, gwaiwa ta yi. Ta sauko masa har ba ya iya sunkuyawa da fartanya, masararsa kuwa ciyawa ta fara yi mata rumfa. Sai aka ji likitoci sun sauka Malumfashi suna yin aikin gwaiwa, a makon nan za su tattara su koma. Amma ba a sa mutum a layi sai an auna jininsa. A ƙaramin asibitin garinsu ake ɗiba, ɗan acaba ya kwashi kwalaben ya kai can.

Maiwada ya taho daga gona da tsakar rana, ko ruwa bai kurɓa ba, tare da Shitu makaɗinsa, tsoho kamarsa, wanda ko gaisuwar mutuwa ba ya zuwa ba ganga a rataye. Nas ɗin da ke ɗibar jini sunanta Onyinye, 'yar wani mai sayar da kayan babur a Funtua. A can aka haife ta, Hausa a bakinta kamar 'yar Bakori. Sun tarar tana kan wata yarinya mai zazzaɓi. Ta sa uwar ta zaunar da ita a cinya ta rungume ta tsam, ta faɗa wa yarinyar gaskiya cewa za ta ji kamar cizon cinnaka, sannan ta ɗauko wata 'yar siririyar allura mai fukafukan roba. Kafin yarinyar ta gama shirya kukanta an riga an danna auduga. Maiwada ya taɓe baki, ya ce wa Shitu wannan ai ko ƙaya ta fi ta mutunci.

Da aka zo kansa, Onyinye ta wanke hannu, ta sa sabuwar safar roba, ta ɗaure masa damtse. Ta laluba gwiwar hannu, ta laluba bayan hannu, ta kwance ta koma ɗayan. Fatar kamar ƙirgi, jijiyoyin sun shige ciki sun yi lamo. Ta ajiye allurar ko buɗe ledarta ba ta yi ba, ta ce ita ba ta sukar abin da yatsanta bai ji ba.

Maiwada ya dubi jama'ar da ke benci. Ya ce su shaida, allura ta gan shi ta ƙi fitowa daga gidanta. Shitu ya gyara ganga ya soma kirari, mata suka leƙo ta taga, har mai gadi ya baro ƙofa. Sai da Onyinye ta bari ƙurar ta lafa.

"Baba, ba jini ba aiki. Ga ɗan acaba can yana jira."

Nan kiɗan ya mutu. Maiwada ya tuna masararsa, ya tuna yadda yake tafiya kamar mai goyon tulu tsakanin cinyoyi. Ga shi ma can ɗin wuƙa za a sa masa. Ya share gumi, ya yanke hukuncin da ko a mafarki bai taɓa yi ba. Ya aika gida a ce wa Laraba matarsa ta kaɗa miyar kuɓewa ta kawo yanzu, zai karya taurinsa da hannunsa a gaban shaidu. Shitu ya rungume ganga yana hawaye.

Onyinye dai ta ce kafin miya ta iso ya sha ruwa, ta cika masa moɗa, ta ƙara. Ta naɗe masa hannu da tsumma mai ɗumi, ta ce ya sake shi ƙasa. Maiwada ya yarda, don a ganinsa duk wasan yara ne. Yana cikin ba da labarin yadda ya taɓa karya takobi da haƙarƙari, ta yaye tsumman ta ɗaura roba.

"Yauwa. Baba, ga ta nan."

Ya duba. Jijiya ta taso a bayan hannunsa, shar da ita kamar igiyar guga, ba kunya ba tsoro. In allurar nan ta shige shi kafin kuɓewa, ai ba karya tauri ya yi ba, taurin ne babu tun asali. Da wane ido zai dubi Shitu? Ya fizge hannu ya cusa a hammata, ya ce wannan ba jijiya ba ce, tabon saran maciji ne. Onyinye ta kwance robar, ta ce ba za ta soke shi da ƙarfi ba, jikinsa ne, amma babur ba zai kwana nan ba. A waje ɗan acaba ya tayar da inji yana ta murɗa wuta. Maiwada ya aika a roƙe shi. Ya sake aikawa a ce masa miya na tafe, har da rabonsa.

Can sai ga Laraba da mayafi a kafaɗa, hannu Rabbana, ba kwano ba tukunya. Ta gaida Nas, ta gaida na benci ɗaya bayan ɗaya, sannan ta juyo.

"Malam, miƙa wa yarinyar nan hannu a tashi. Miyar da ka suɗe jiya, me kake tsammani ce?"

Ya ce kuka ce mana. Ta ce kuka ce da busasshiyar kuɓewa, kuma tun tana amarya take zubawa, don kuka zalla ba ta yi mata daɗin tuwo, shi kuma bai taɓa barin loma ba.

Sai Maiwada ya miƙe fuskarsa kamar an yi masa albishir da kujerar Makka. Ya ce jama'a sun ji da kunnensu, maganinsa na gaskiya ne, mace ce ta karya shi ta tukunya. Ya zaro hannu ya shimfiɗa a tebur kamar mai ba da kyauta. Onyinye ta sake ɗaurewa, ta goge wurin ta bari ya bushe, ta ja fatar da babban yatsa don kada jijiyar ta gudu, ta zura irin siririyar nan ta yara. Jini ya gangaro kwalba. Ta kwance roba, ta zare, ta ce ya danne auduga kada ya lanƙwasa, ta jefa allurar cikin kwalin da ake zuba su. Ta rubuta sunansa a kwalbar a gabansa, ɗan acaba ya karɓa ya ba babur wuta.

Maiwada ya zauna danne da auduga yana murmushi. Daga nan sai murmushin ya fara raguwa. Ya dubi Laraba, ya dubi cikinsa.

"Tun kina amarya kika ce?"

"Tun ina amarya."

Ya ce wa Shitu ya sa a waƙa, duk wuƙar da ya goga a cikinsa tun daga wancan lokacin, da tsurar fatarsa ya tare ta, kaf ƙasar Katsina ba wanda ya taɓa yin haka. Sannan ya rage murya, ya roƙi Onyinye don Allah ta ɗan matsar da almakashin nan na kan tebur, ya yi kusa da gwiwar hannunsa da yawa.