Sunan Ɗan Fari

Na shekara fiye da ashirin ƙofata na kallon ta Yaya Fanta a Fagge, ban taɓa jin sunan ɗanta na fari ya fito daga bakinta ba. Sunansa Kyari. Ni Adijat ina faɗinsa yadda na ga dama, don Bayarabiya ce ni ko da yake a Fagge aka binne cibiyata, kuma mu ba mu san wannan kunyar ba. Ɗana Moshood in ya ɓata mini rai har 'yan Kantin Kwari sai sun ji sunansa. Ita kuwa Yaya Fanta, iyayenta daga Borno suka zo, ta tashi a Kano ta riƙe alkunyar ɗan fari fiye da 'yan gari. Ga shi kuma sunan mahaifin mijinta aka sa wa yaron, abin ya zama biyu. Yana ƙarami "yaron nan" take cewa. Da ya shiga soja ya koma "wancan na daji."

Kyari ya san wannan, kuma ya mai da shi abin tsokana. In ya bugo waya sai ya maƙe murya ya ce, "Inna, wa ke magana?" Ita kuma ta ce, "Mara kunya ne ke magana." Ya yi ta dariya har kati ya ƙare.

A damina aka kashe shi a wani kwanton ɓauna. Can aka binne shi, ko gawa ba mu gani ba. Ranar da labari ya zo ni na yi ta birgima a tsakar gida, uwar da ta haife shi kuwa tana zaune tana ba masu gaisuwa tabarma, ido a bushe. Wallahi a ranar na ji haushinta.

Abin da ya bar mata Zara ce, 'yarsa mai shekara bakwai, wadda uwarta ta rasu tun tana goye. Zara sikila gare ta, kuma ciwon ya ci mata ƙashin ƙugu. Da farko ɗingishi take yi, daga baya ta koma rarrafe, makaranta ma ta gagara. Likitan ƙashi ya ce tiyata za a yi, kuma in aka ja lokaci ƙafar ta tafi ke nan. Yaya Fanta ta sayar da keken ɗinkinta, ta sayar da turarukan wutan da take sana'a da su har da kaskon. Haƙƙin Kyari na wajen aiki kuwa kullum ana cewa yana hanya.

A Kasuwar Singa, inda nake sarin taliya da madara, na ji labarin wata gidauniya da ta samo tallafi daga masu hannu da shuni don jinyar marayun sojoji. Sun yi kwanaki suna tantance mutane a wani zauren taro a Sabon Gari, kuma washegari za su tattara su koma. Na bar kayana a hannun ɗan dako na taho gida da gudu.

Da sassafe muka tari adaidaita sahu. Ni na goyi Zara, don bayan Yaya Fanta ya daina ɗaukar nauyi. Zauren cike yake da mata: masu hijabi, masu ɗankwali, wasu da baƙaƙen kaya na zaman makoki irin na Kirista, kowa riƙe da hoton namiji cikin kaki. Sai bayan azahar layi ya zo kanmu, a lokacin Zara ta gaji da kuka ta koma nishi.

Wadda ke tantancewa sunanta Chinenye, matashiya ce, daga Legas aka turo ta, Hausarta irin ta bariki. Ta kafa waya a kan ɗan ƙarfe mai ƙafa uku, ta ce kowa zai yi magana a bidiyo, don masu ba da tallafin su gani da idonsu.

"Mama, ki kalli nan. Ki faɗi sunanki, ki faɗi sunan sojan da ya mutu, da abin da yake a wurinki."

"Sunana Fanta Goni," in ji ta. Sai ta sunkuyar da kai. "Shi kuma uban yarinyar nan ne."

"Sunansa fa?"

Yaya Fanta ta ƙara sunkuyar da kai. Na yi caraf na ce, "Kofur Kyari Goni."

"Madam, ba ke na tambaya ba." Ta tsayar da ɗauka, ta sake kunnawa. "Mama, ɗanki ne?"

"Haka aka ce."

Na ji kamar in kurma ihu. Haka aka ce! Wannan ita ce amsar da duk wata uwa ta kirki a unguwarmu za ta bayar a kan ɗan fari, amma a kunnen baƙuwa amsar maƙaryaciya ce. Na ga fuskar Chinenye ta canja. Ta dubi hoton Kyari, ta dubi busassun idanun Yaya Fanta, ta ajiye biro.

"Yau da safe mata uku suka zo mini da hoton soja ɗaya," ta ce. "Ɗaya ko sunansa ba ta iya riƙewa ba. Don Allah ku ba na baya wuri."

Na sauke Zara a kan benci na dafa teburin da hannu biyu. Na yi mata bayani da Hausa, na koma Turancin kasuwa, har Yarabanci na sa ko za a dace. Na ce al'ada ce, ɗan fari ne, ba ta taɓa faɗa ba tun ranar suna. Na ce ta zo Fagge ta tambayi duk wanda ta ga dama.

"Ba ni da lokacin zuwa Fagge," ta ce, kuma ba da wulaƙanci ta faɗa ba, a gajiye take. "Ko na yarda da ke, ba ni ke yanke hukunci ba. Waɗanda za su kalli bidiyon ba su san wata al'ada ba. Za su ga mace ta kasa faɗin sunan ɗanta, su wuce ta gaba. Ni ma yayana soja ne, a can ya mutu, Mama. Kullum sai na kira sunansa."

Na juya kan Yaya Fanta, raina ya gama ɓaci. "Yaya, kalma ɗaya ce fa! Kunyar wa kike ji? Surukin naki ya mutu, mijinki ya mutu, shi ma yaron ya mutu. Wa ya rage da za ki ji wa kunya? Ƙafar yarinyar nan za ki bayar saboda alkunya?"

"Maman Moshood," ta ce a hankali, "ba ƙi na yi ba. Bakin ne ba ya buɗuwa."

Sai a lokacin na lura da hannayenta. Ta damƙe gefen mayafinta da su tamau. Leɓenta na motsi, ba abin da ke fita. Na baya sun fara tsaki, wata ta ce a yi a ba mutane wuri. Wani ma'aikaci ya fara naɗe wayoyin lasifika.

Zara ta zame daga bencin. Ta ja jiki a kan siminti, ƙafar nan tana biye da ita, ta zo ta kama zanin kakarta. "Inna, mu tafi gida. Ya daina ciwo."

Ƙarya take yi, duk wanda ke wurin ya sani, gumi ne ke tsiyaya a goshinta. Yaya Fanta ta daɗe tana kallon ta. Sannan ta ɗago ta ce wa Chinenye, "Kunna abin naki."

Aka kunna.

"Sunana Fanta Goni. Ɗana ne. Ni na haife shi." Abin da ya biyo baya ko ni da ke jikinta ban ji ba.

"Mama, ki ɗaga murya kaɗan, bai shiga ba."

Yaya Fanta ta daina kallon wayar. Ta dubi ƙofar zauren, inda rana ke shigowa, ta buɗe murya yadda uwa ke kiran yaro daga bakin layi in tuwo ya sauka.

"Kyari!"

Zauren ya yi tsit. Ita ma ta yi shiru, ta ɗan karkata kai, kuma na rantse da Allah sauraro take yi. Da ba a amsa ba ta sake kira, "Kyari! Kyarina!" Sai ta durƙushe. Kukan da ba ta yi a gidan makoki ba, a nan ta yi shi, gaban baƙi, a kan simintin Sabon Gari. Wata mata mai baƙaƙen kaya da ba ta jin ko kalmar Hausa ta zo ta rungume ta. Ni kuwa kunya ta rufe ni, na rasa inda zan sa fuskata.

Chinenye ta kashe wayar, ta share ido da bayan hannu. Ta ce ya ɗauku, kuma ita da kanta za ta sa na Zara a sahun gaggawa, mu jira kira daga asibiti. Ba ta yi mana alkawarin rana ba.

Sai muka hau adaidaita sahu muka bar Sabon Gari. Yaya Fanta ta karɓi Zara ta ɗora a cinya, ta ƙi ba ni. Muna shiga Fagge ta ce, ba tare da ta kalle ni ba, "Wayar ƙarshe da ya yi, sai da ya roƙe ni. Ya ce, Inna, sau ɗaya dai, in ji yadda yake a bakinki. Na ce masa ya daina shirme."

Zara ce ta ɗago kai daga ƙirjinta, idanunta cike da mamaki.

"Inna," ta ce, "ashe kin san sunan Baba?"