Wayar Baba Ta Sauya Wurin Komai

Da safe Baba Kafinta ya ɗora yatsa a ƙasan wayarsa daga hagu, inda kullum yake samun wurin kira, sai wata mata ta fara ba shi labarin yanayin gari. Ya janye hannu da sauri. Ya sake dannawa, ya ji ƙyas, wayar ta ɗauki hoton gwiwarsa. Ashe yana barci ta sabunta kanta, ta kwashe komai ta sauya masa wuri.

Ga wani, wannan ɗan ɓacin rai ne da zai wuce kafin shayi ya huce. Ga Baba kuwa babbar magana ce, domin ya daɗe da daina karanta abin da ke fuskar wayar. Idanunsa sun dushe tun bara. Haske da inuwa yake gani, rubutu kuwa ya zama baƙi-baƙi kawai. Da yatsa ya haddace wayar, yadda ya haddace hanyar ɗakinsa zuwa bencin aiki: ƙasa daga hagu wurin kira, sunan sama na 'yarsa Auta, na ƙarƙashinsa na babban ɗansa.

Bai gaya wa kowa ba. Tun rasuwar matarsa babban ɗan nan yake neman dalilin ɗauke shi zuwa gidansa, can saman bene, inda babu ƙamshin katako, babu maƙwabcin da zai leƙo a yi gardama. Baba ya san ranar da aka gane ba ya gani, ranar zai rufe ƙofar gidan nan. Abin yana ba shi tsoro ƙwarai.

Da rana ta ɗaga Auta ba ta ji kiransa na kullum ba, sai ga ta ta faɗo gidan da jakar wurin aiki a kafaɗa, tana haki.

"Baba, ka ɗaga mini hankali! Lafiya?"

"Lafiyata ƙalau. Tambayi waɗanda suka ƙera wannan abar. Wa ya aike su? Ni na ce musu ta lalace? A ce ka kwanta, wani ƙato ya shigo shagonka ya kai guduma inda zarto yake, ya juye ƙusoshi a gwangwanin gam, da safe kuma ya tsaya yana jiran ka gode masa!"

Auta ta yi dariya, ta zauna a gefen benci. "Ingantawa suke yi, Baba."

"Ni duk kujerar da na yi wa mutum, ban taɓa bin sa gida na sauya mata ƙafa ba don wata dabara ta faɗo mini."

"To kawo na gani."

"Ki mayar mini da ita yadda take. Shi ke nan abin da nake so."

Ta yi ta dannawa tana tsaki. Ta shiga nan ta fita can, ta ce sun ɓoye saitin a wani lungu, ita ma sai da ta sha wuya da tata. A ƙarshe ta sauke numfashi. "Ba a komawa ta da, Baba. Sun rufe hanyar. Amma na ƙara maka girman rubutu, kowane suna ya yi ɓaro-ɓaro." Ta tsaya ba shi labarin cunkoson hanya, sannan ta miƙa masa. "Duba ka gani."

Baba ya karɓa, ya ɗan nisanta ta da fuskarsa, ya gyaɗa kai irin na wanda ya gamsu.

"Yauwa. Yanzu kam tar nake gani. Allah ya yi miki albarka."

Auta ba ta ce amin ba. Ya ji ta matso, ya ji yatsanta ya danna maɓallin gefe, sai haske ya tashi a tafin hannunsa, hasken da ko shi ya gani. Ashe tun tana magana fuskar wayar ta mutu. Baƙin gilashi ya yaba.

Kunya ta kama shi, irin wadda rabonsa da ita tun yana ɗan koyo. Ya jira ta yi kuka, ko ta fara faɗa, ko ta ce bari ta kira Yaya. Ba ta yi ko ɗaya ba. Ta kama yatsansa mai kanta, ta ɗora a tsakiyar wayar daga ƙasa.

"Wurin kira ya dawo nan," in ji ta. "Daga nan ka hau sama kaɗan, ni ce. Sake yi."

Ya sake. Wayarta ta yi ƙara a cikin jaka. Ya kuma sakewa, har yatsan ya fara gane hanya.

Suna cikin haka wayar Baba ta ɗauki ruri. Auta ta ce Yaya ne, ta nuna masa yanzu ja ake yi sama, ba dannawa ba. Ya ja. Suka gaisa, sai babban ɗan ya ce a ba shi Auta, tun da ya ji muryarta.

"Ya kika same shi?" in ji Yaya. Baba na jin tambayar sarai.

Ta dubi Baba. Baba ya riƙe gefen benci.

"Wayarsa ce ta sauya, Yaya. Mun daidaita."

Ta ajiye wayar, ta juyo gare shi. Can ta ce, "Gobe za mu je wurin likitan ido, ni da kai. Abin da ya ce, kai za ka gaya wa Yaya da bakinka. Yau na rufa maka, amma ba zan iya kullum ba."

Baba ya shafa fuskar wayar da babban yatsa, a hankali, yadda yake shafa katako ya ji ko ya yi santsi.

"Za su sake sauya ta?"

"Za su sake, Baba."

"Ba a hana su?"

"Ba a hana su."

Ya gyaɗa kai. Ya miƙo mata hannu.

"To nuna mini inda sunan yayanki yake."