Kunnen Opal na Hagu

"Mama, in na gaya wa likita ke ce kika harba, za a kama ki?"

Da ƙarfi Opal ta yi tambayar, kamar yadda take yin kowace magana tun makonni shida da suka wuce. A ɗakin jira na asibitin kunne suke. Wani tsoho mai hular kaboyi ya sauke mujallar da ke hannunsa, matarsa ta zungure shi da gwiwar hannu, ya mayar da mujallar fuskarsa.

Darcy ta ajiye biron da take cike takarda da shi. Ta zagayo ta dama da yarinyar, don ta nan ake yi mata magana yanzu, ta durƙusa.

"Ba wanda zai kama ni. Ɗan sandan da ya zo rannan ai kin gan shi, ya rubuta abin da zai rubuta ya tafi. Duk abin da likita ta tambaye ki, ki faɗa mata gaskiya."

"To me ya sa Kaka ta ce in ce tayar mota ce ta fashe?"

"Kaka kunya take ji. Ke dai faɗi abin da ya faru."

Ta koma kujerarta ta ɗauki takardar. Layi ɗaya ya rage, wanda take ta tsallakewa tun ɗazu, inda aka tambayi abin da ya jawo matsalar. Ta rubuta: harbin bindiga a cikin mota, tagogi a rufe.

Ba don ado ta sayi bindigar ba. Gidansu yana ƙarshen titin tsakuwa, mil goma sha ɗaya daga gari, kuma mijinta Garrett mako biyu yake yi a rijiyoyin mai kafin ya dawo ya yi ɗaya a gida. Ranar da wani mutum da ba ta sani ba ya tsaya da rana tsaka yana murɗa hannun ƙofarta, minti ashirin da biyar 'yan sanda suka yi kafin su iso. A satin ta shiga ajin koyon harbi, ta sayi ƙaramar bindigar hannu irin wadda ake ɓoyewa a ƙugu, ƙarƙashin riga. Ta sayi akwatin ƙarfe mai makullin lambobi na gida, ta sayi wani na mota. Ba ta taɓa ajiye ta inda hannun Opal zai kai ba, ko na minti ɗaya. A wannan fannin babu mai ɗora mata laifi.

Shekara guda tana harbi da ita lafiya lau, ba ta san tana da wani aibu ba, sai da ta shiga wani dandali na intanet inda masu irin bindigar ke baje ra'ayinsu. Duk a kan kunamar bindigar suke magana, ɗan ƙarfen da yatsa ke ja a harba. Wani ya ce jan ta kamar jan aljihun tebur ne da yashi ya cika. Wani ya ce yatsansa tsufa yake yi kafin harsashi ya fita. Wani kuma, mai sa hoton gemunsa, ya ce lauyoyin kamfanin ne suka ƙera ta, ba maƙera ba. Kusan kowa taurari huɗu yake ba bindigar, ya riƙe na biyar saboda kunama, kuma maganinsu ɗaya ne: a kai wa mai gyara ya sassauta ta. Daga ranar, duk sanda Darcy ta je filin harbi sai ta ji yashin nan a yatsanta, abin da ba ta taɓa ji ba a da.

Tsoho Merle, mai gyaran bindiga a bayan shagon abincin dabbobi, bai so aikin ba.

"'Yar nan, kin san galan na madara, cike?" ya ce. "Nauyinsa yatsanki ke ɗagawa kafin wannan ta tashi. Laba tara. Abin da kike so in mayar da ita, laba huɗu, ƙaramin buhun sukari ke nan. Bindigar nan ba ta da makulli. Nauyin nan shi ne makullinta."

"Baba Merle, kowa yana cewa..."

"Shi kowan nan, yara nawa yake ɗaurewa a kujerar baya?"

Dariya ta yi a lokacin. Ta ce masa ita ba sabon shiga ba ce, yatsanta ba ya shiga zoben kunama sai ta yi niyyar harbi. Gaskiya ta faɗa. Ya girgiza kai, ya yi mata aikin.

Wata biyu bayan nan suka je gidan waya. Doka ta hana shiga can da makami, don haka ta yi abin da kowa ke yi: ta tsaya tsallaken titi, ta zare bindigar daga kubenta, ta kulle a akwatin da ke ƙarƙashin kujera. Da suka fito ta ɗaure Opal a kujerarta ta baya, ta zauna, ta ja ƙofa saboda iska, ta buɗe akwatin. A aji an koya musu kada a mayar da bindiga kube a zaune, kuma a kalli bakin kuben kafin a tura. To amma kan titi ne, mutane na wucewa, kuma duk hikimar ɗaukar irin wannan bindiga ita ce kada kowa ya gani. Sai ta tura ta da lalube, idonta yana kan masu wucewa. Igiyar ƙasan rigar sanyinta, mai ɗan maɓallin roba a baki, ta faɗa cikin zoben. Da tsohuwar kunama ce, da bindigar ta cije ta ƙi shiga, da ta duba. Wannan ba ta cije ba.

Harsashin ya huda kujera ya fita ta ƙasan motar, bai taɓa kowa ba. Darcy ta juya ta ga bakin 'yarta a buɗe tana kurma ihu, ita kuwa ba ta jin komai. Nata kunnuwan sun dawo bayan kwana biyu. Na Opal na dama ya dawo bayan mako guda. Na hagun ake jira.

"Opal Hensley?"

Dakta Navarro ce da kanta a bakin ƙofa, gajeriyar mace mai furfura, tabarau rataye a wuya. Ta kai su wani ƙaramin ɗaki mai tagar gilashi, ta zaunar da Opal a ciki, ta sa mata abin sauraro mai rufe kunnuwa biyu, ta ajiye mata bokiti da kwandon ƙwallaye.

"Kin tuna wasan, sarauniya? Kina jin ƙara, ki jefa ɗaya."

"Mamata ce ta harba," in ji Opal. "Ba taya ba ce."

"Na sani, ta rubuta min. Na gode da kika faɗa."

Darcy ta tsaya a waje, bayan likitar, tana kallo ta gilashi. Aka fara da kunnen dama. Likita ta danna, ƙwallo ya faɗa bokiti. Ta sake dannawa, wani ya faɗa. Opal har rawa take yi a kujera. Sannan likitar ta murɗa wani abu, ta koma hagu. Ta danna. Opal tana riƙe da jan ƙwallo a saman bokiti, tana lilo da ƙafafu. Likitar ta ƙara ƙarfin sautin ta danna. Ƙwallon bai motsa ba. Ta ƙara. Yarinyar ta ɗago kai ta dube su ta gilashi.

"Kin fara?" ta ce.

Darcy ta dafa bango.

Bayan an gama, likitar ta ba Opal takarda da alƙaluman launi a can gefe, ta jawo kujera kusa da uwar, ta shimfiɗa takardu uku a gwiwarta.

"Wannan na asibitin da kuka fara zuwa ne, wannan na mako uku, wannan na yau. Duba layin nan. Bai motsa ba. Sauti mai kauri tana ɗan ji. Mai siriri, irin kukan tsuntsu ko ƙarar ƙararrawa, ya tafi."

"Zai dawo?"

"Da zai dawo, da mun fara gani zuwa yanzu. Ba zan yi miki alƙawarin da na san ba zai cika ba. Za mu auna mata na'urar ƙara ji. Za ta yi makaranta lafiya, sai dai a zaunar da ita ta hagun aji, kunnen mai kyau ya fuskanci malama. Wajen tsallaka titi kuma ki koya mata ta riƙa juya kai gaba ɗaya, don ba za ta gane ta inda mota ke tahowa ba."

Darcy ta ciro biro ta rubuta duka a bayan ambulan: hagun aji, juya kai. Aka kawo wa Opal allon launukan na'urar. Ta daɗe tana dubawa, sannan ta tambaya ko akwai mai ƙyalƙyali.

A wurin ajiye motoci Garrett ya kira, ƙarar injuna na tashi a bayansa.

"Yaya ake ciki?"

"Ba zai dawo ba."

Ya matsa nesa da injunan. Can ya ce, "Darcy, ba laifinki ba ne."

"Nawa ne. Don Allah kada ka ɗauke min shi, ba ni da wanda zan ɗora wa. Ka kira ta da yamma, kuma ka ce mata ta sa wayar a dama."

Ta sauke Opal a gidan surukarta, ta biya gida ta ɗauko akwatin ƙarfen da ba ta buɗe ba tun rannan, ta wuce shagon Merle.

Lonnie, direban motar gas wanda rabin ranarsa a shagon take ƙarewa, yana jingine da kantar shagon yana ba wasu maza biyu labarin sabuwar kunamarsa.

"Laba biyu da rabi, na rantse muku. Ba ja ake yi ba, tunanin harbi kawai za ka yi ta tashi." Ya juyo ya gan ta, ya washe baki. "A'a, ga mai huda motoci! An toshe ramin, ko an bar shi iska na shigowa?"

"Lonnie," in ji Merle ba tare da ya ɗago kai ba, "ba ka da gas ɗin kaiwa ne?"

"Wasa nake yi, tsoho."

"Je ka yi shi a waje."

Suka fita su ukun, Lonnie yana sosa ƙeya. Darcy ta ɗora akwatin a kan kantar, ta buɗe, ta nuna masa babu harsashi a ciki kafin ta miƙa.

"Ina so a mayar da tsohuwar. In sai an yi oda, zan jira."

Merle ya jawo wani aljihun tebur. Cike yake da ƙananan ledoji, kowace da suna a jiki. Ya tona ya ciro ɗaya mai sunanta, da 'yan ƙarafa uku a ciki.

"Ba na zubarwa," ya ce. "Wasu suna dawowa." Ya juya ledar a hannunsa. "Yaya kunnen 'yar tawa?"

Ta girgiza kai.

Ya cire tabaransa ya daɗe yana gogewa da gefen riga. "Da ma na ƙi yi miki."

"Da wurin wani zan kai, Baba."

"Na sani. Duk da haka, da ma na ƙi." Ya mayar da tabaran, ya miƙa hannu bango ya sauko da wani kube mai maƙali. "Wannan za ki riƙa sawa. In za ki cire, ki cire shi da bindigar a ciki, ki kulle su tare. Ba ta fita daga kube sai in harbi za ki yi. Zauna can, minti ashirin ne."

Ta zauna a benci kusa da taga, ta ciro waya. Ba ta shiga dandalin ba tun rannan. Ta nemo abin da ita kanta ta rubuta a satin da aka yi gyaran: taurari biyar, kunama kamar man shanu, duk mace mai ƙaramin hannu ta je a yi mata wannan gyara. Mutum ɗari biyu da goma sha huɗu sun danna alamar yabo. A ƙasa akwai wata tambaya da aka yi kwana uku da suka wuce, daga wata mata a jihar Arkansas: tana da jariri ɗan wata takwas, ta sayi irin bindigar, shin ta kai a sassauta mata?

Darcy ta kai yatsa kan wurin gogewa, ta fasa. In ta goge, matar za ta samu wani irinsa a layi na gaba. Daga cikin shagon tana jin Merle yana buga ƙaramar guduma a hankali. Ta danna wurin amsa, ta rubuta:

"Ke mai tambaya, da duk wanda ya zo nan yana karantawa. Ni na rubuta abin da ke sama, kuma ban yi ƙarya ba, kunamar ta yi taushi. Ta yi taushin da igiyar riga ta iya jan ta, 'yata tana zaune taku biyu a bayana. Shekararta biyar, kuma yau aka ce min kunnenta ɗaya ba zai dawo ba. Kada ki bari a taɓa miki kunama. Nauyin da ke gajiyar da yatsanki a filin harbi shi ne zai tsaya miki ranar da hankalinki ke wani wuri, kuma ranar nan tana zuwa, komai kularki. In kuwa dole ki taɓa bindiga a mota da yaro a ciki, ki kalli hannunki, ko da duk garin ke yake kallo."