Albasar Dakta Murtala

Hajiya Sharifa, jami'ar jarrabawa ta sashen kimiyyar sinadarai, ta juyo da fuskar kwamfutar wajen Bara'atu, ta ɗora farcenta a kan wani jan layi. Shi kaɗai ne ja a cikin layuka fiye da hamsin. Fanka tana ta juyi a sama ba ta kawo komai sai zafi, a bakin ƙofa kuma ɗalibai sun yi cincirindo suna jiran a sallami Bara'atu.

"Lissafi na aji biyu," in ji Hajiya. "Kin faɗi, ba ki sake ɗauka ba. Shekara shida doka ta ba ki ki gama digirin shekara huɗu, ta shidan ta cika watan jiya. Hukumar jami'a ta zauna, an cire sunanki."

Bara'atu ta ce ai an soke wannan kwas ɗin, tun tana aji uku ta duba a intanet babu shi. Hajiya ta yi mata bayani da muryar wadda ta gaji da maimaita magana ɗaya. Da aka canza manhaja, sababbin ɗalibai aka cire wa shi, tsofaffin da suka faɗi kuwa sai su zo ofis su cike takarda da hannu. An liƙa sanarwa a allo, an fitar da sunaye har sau biyu. Sannan ta tambaye ta wa ya ce mata an yafe.

Bara'atu ta sunkuyar da kai. Sunan yana bakinta, amma ba a koya mata kama sunan babba a wurin laifi ba.

*

Mahaifinta, Malam Ishiyaku, manomin albasa ne a Fammar, kuma ita ce ta farko a zuri'arsu da ta taka jami'a. A wurinsu ba a kai yaro karatu a sake shi haka nan, sai an damƙa shi a hannun wani. Don haka ya yi ta cigiya a kasuwar Rano har aka kwatanta masa gidan su Dakta Murtala, ɗan garin da ke koyarwa a jami'ar. Ranar wata Asabar ya ɗauki buhun albasa da 'yarsa suka je. Ya girmi Dakta da kusan shekara ashirin, amma sai da ya tuɓe takalmi ya durƙusa.

"Dakta, ga amana nan. Abin da ka ce ta yi, shi za ta yi."

Dakta Murtala malamin tarihi ne. Abin da ya sani game da sashen su Bara'atu bai wuce hanyar da ake bi a je ginin ba. Ba mugu ba ne, wallahi, har kuɗin mota yakan ba ta. Ciwonsa ɗaya, bakinsa ba ya iya furta "ban sani ba" a gaban mutanen garinsu. A hanyar komawa gida Malam Ishiyaku ya ja wa 'yarsa kunne: kada ta kai kukanta wurin kowa sai Dakta, kuma babban mutum ba a tambayarsa abu ɗaya sau biyu.

Jami'a kuwa ta ba ta nata mai ba da shawara, Malam Lukman. A takarda aikinsa shi ne ya zauna da kowane ɗalibi, ya duba abin da ya ci da abin da ya faɗi, ya nuna masa kwasa-kwasan da zai ɗauka. A zahiri ɗalibai ɗari huɗu aka jibga masa, ga koyarwa, ga nasa karatun. A kan gaban motarsa yake sa hannu, a tsaye, mukulli a ɗaya hannun. Shekara huɗu Bara'atu tana miƙa masa takarda, ta fi sanin saman hularsa a kan fuskarsa.

A aji biyu taifot ya kwantar da ita ana tsakiyar jarrabawa, ta faɗi lissafi. Da ta zo rajistar aji uku ta nemi kwas ɗin a intanet ta rasa. Ta kai wa Dakta wayarta. Ya ɗan latsa, ya tura sama ya tura ƙasa, ya ce abin da babu shi a intanet an yafe shi ke nan, ta gode wa Allah. Zuciyarta ba ta kwanta ba. Sau biyu ta je ofishin Malam Lukman, ta farko a kulle, ta biyu layi har waje. A ta uku ta kai bakin ƙofa, ƙofar ma a buɗe take, sai ta tuna cewa idan Dakta ya ji ta je bin diddigin maganarsa, Baba ma zai ji. Ta juya. Bayan kwana biyu Malam Lukman ya sa hannu a takardarta yana amsa waya.

Ta gama aji huɗu ta koma Fammar. Ƙaramar sakandaren da ke kusa ba ta da malamin kimiyya, ta shiga koyarwa kyauta, shugaban makarantar ya yi mata alkawarin zai tsaya mata a ɗauke ta aiki ranar da ta kawo takardar digiri. Gari duk aka koma kiranta Malama, har babanta. Da ƙawayenta suka fara tafiya bautar ƙasa ta kira Dakta sau ɗaya. Ya ce rukuni-rukuni ake fitar da sakamako, ta zauna, zai neme ta. Ta zauna. Aka cire albasa aka kai masa buhu, shekara ta zagayo aka sake kai masa. Da ba don wata tsohuwar ƙawarta Sadiya ta shiga sashen ta ga sunanta a wata yagaggiyar takarda a allo ba, da har yau tana zaune.

*

Daga ofishin Hajiya Sharifa ta wuce na Dakta. Ya saurare ta har ƙarshe, ya cire tabarau, ya yi salati. Gumi ya tsatso masa a goshi, ta ga da gaske abin ya dake shi, har ta fara jin tausayinsa.

"Amma Bara'atu," in ji shi, "me ya hana ki sake tambaya? Ai da kin tuna mini."

Ta rasa ko kuka za ta yi ko dariya. Ya ce zai ga shugaban sashe, zai ga wane, zai ga wane, ya kuma roƙe ta kada ta gaya wa Malam Ishiyaku tukuna. Da ta fito ta hango Malam Lukman a gindin dalbejiya, sababbin ɗalibai sun yanyame gaban motarsa, kowa da takarda a hannu, shi kuma kansa a ƙasa.

*

Ana sallar la'asar ta sauka a Kibiya, ta hau babur zuwa Fammar. Tsakar gida duk warin sabuwar albasa. Mahaifiyarta Jumai ta taso tana kallon jakarta, tana tambaya ko an ba ta takardar. Malam Ishiyaku yana zaune a tabarma da basilla a hannu, ya gama ɗinke bakin wani buhu. Tun safe yake zaɓen manya-manya, waɗanda ba su da ko tabo, don Nasir direba zai biyo ya wuce da buhun gidan su Dakta a Rano. Ya ɗago da fara'a ya miƙo mata maka, alƙalamin nan mai kaurin baki. Kowace shekara ita ke rubuta sunan Dakta a jikin buhun, ita ce mai ilimin gidan.

Ta durƙusa a gabansa.

"Baba, babu digiri. An cire sunana."

Ta faɗa masa komai, tun daga taifot har jan layi. Jumai ta jingina da bango ta sulale ƙasa. Shi kuwa bai motsa ba, hannunsa na nan a miƙe.

"Kin saɓa wa maganar Dakta ne?"

"A'a, Baba. Ita na bi."

Ya daɗe yana kallon buhun. Bara'atu ba ta taɓa ganin tsufansa ba sai a lokacin. A waje motar Nasir ta tsaya, ya danna ham sau biyu.

"Rubuta," in ji Malam Ishiyaku a hankali. "Kada a ce don abu ya ɓaci muka janye hannu."

Ta karɓi makar. Ta shafe ƙasar da ke jikin buhun da gefen mayafinta, ta rubuta sunan da manyan baƙaƙe, ba ta manta da Dakta a farko ba.