Yatsa Ɗaya a Hanyar Kilbrackan

Desmond Plunkett mutum ne da ba a taɓa nuna masa abu ya yi shiru ba. Da suka iso birnin Galway shi da matarsa Nuala, ko jaka bai gama ajiyewa a masauki ba ya fita ya sayo rigar ulu mai kauri irin ta masunta, ya zura ta a kan tumbinsa, wai shi yanzu ya zama ɗan gari. Mutumin da bai taɓa riƙe kifi ba sai a faranti! Ya rataya kyamara, ya ja Nuala suka bi ayarin Amurkawa da Jamusawa daga tsohuwar ganuwa zuwa bakin kogi, daga nan zuwa babban coci. Yarinyar da ke yi musu bayani ba ta kai ƙarshen zance ko ɗaya ba sai ya gyara mata, kuma duk gyaran nasa kuskure ne.

"Nuala, kin ga ƙofar can? A nan jiragen Sipaniya suke sauke giya a da."

"Na sani, Des. A gindinta babanmu yake ajiye keken doki idan ya kawo dankali kasuwa."

"To ai dankalin kika sani, tarihin ba ki sani ba."

Ta yi tsaki a cikin ranta. A Kilbrackan aka haife ta, can yamma inda dutse ya fi ƙasa yawa, ta auri ɗan Dublin mai sayar da inshora, ta bi shi birni. Tun daga lokacin yake kiran danginta mutanen tumaki, yau kuma shi ne ya kawo ta yana nuna mata ƙasar ubanta da yatsa. Da daddare ya kai ta mashayar da ake kaɗa goge don baƙi, ya yi ta tafi ba a kan kiɗa ba, har makaɗin ya ɗago ya dube shi.

Ba don ganuwa ko goge ta yarda da wannan yawo ba. Hanyar da za su bi washegari zuwa jirgin ruwan da ke zagayawa da baƙi tsibirai ta ratsa tsakiyar Kilbrackan, kuma a can yayanta Colman yake. Shi kaɗai ya rage mata a duniya, kuma ya yi shekaru bai yi mata magana ba.

A Kilbrackan maƙwabta ke haƙa kabari, su ne kuma ke rufe shi da shebur, ba mai juya baya sai an mayar da ciyawar ƙarshe a kai. Ranar da aka binne mahaifiyarsu, Desmond yana da tikitin wasan zari-ruga a Dublin. Ƙasa ta fara sauka kan akwatin ke nan ya taɓa gwiwar hannun Nuala, ya nuna mata agogo. Ita kuma ta bi shi. Colman yana riƙe da shebur, ya bi su da kallo har suka fita ƙofar makabarta. Bai ce komai ba a ranar, bai kuma ƙara cewa komai ba. In ta buga waya, haka za ta yi ta ƙara har ta gaji.

Don haka kafin su baro Dublin ta gasa kek mai zabibi irin na mahaifiyarsu, ta naɗe shi da tawul ta ajiye a kujerar baya. Ta san yayanta. Ba zai karɓi ban-haƙuri na baki ba, amma idan ta tsaya a ƙofarsa da kek a hannu, al'ada ba za ta bar shi ya ƙi ɗora tukunyar shayi ba. In dai ya ɗora tukunyar, sauran mai sauƙi ne.

"Bayan jirgi za mu tsaya," in ji Desmond da safe yana tayar da mota. "Amma ba zama ba, kin ji? Ki miƙa masa, ku yi koke-kokenku, mu wuce."

Suna fita gari ta kunna rediyon yankin. Lokacin sanarwar mutuwa ne, wata mata tana jero sunaye a hankali, da ƙauyen kowa, da cocin da za a yi masa addu'a. Nuala ta karkata kunne kamar yadda ta saba tun tana yarinya, don a gidansu ko cokali ba a motsawa idan ana wannan sanarwa.

Desmond ya miƙa hannu ya kashe.

"Haba, Des! Bari in ji mana."

"Ki ji me? Wane ya mutu, wance ta mutu. Wannan shi ne nishaɗinku a ƙauye? Hutu muka zo, ba makoki ba."

Ya maye gurbinta da muryar wani Bature a waya, mai bayanin yadda duwatsu suka samu.

Hanya ta ƙuntace, ta shiga tsakanin katangun dutse. Duk motar da suka haɗu da ita, direban zai ɗaga yatsa ɗaya daga kan sitiyari. Manomi a tarakta, mai kai wasiƙu, tsohuwa a wata ƙaramar mota da ta sha duniya, kowa da yatsansa. A wannan yanki ko maƙiyinka yana samun yatsan nan, sai fa in ya yi abin da ya fi ƙarfin gaba. Desmond kuwa hannayensa biyu suna kan sitiyari kamar an liƙe su.

"Ana gaishe ka."

"Na san su ne?"

"Ba sai ka san su ba. Yatsa ɗaya ne, ba zai karye ba."

"Mutanen da ba su da aikin yi!"

Ita ta riƙa ɗagawa a madadinsa daga kujerarta, ko da yake ta san yatsan fasinja ba ya cikin lissafi.

Mai cewa mutane ba su da aikin yi, sai ga shi yana tsayawa kowace kwana. Ya ɗauki hoton tunkiya mai shuɗin fenti a baya. Ya ɗauki hoton tulin ƙasar fadama da aka shanya don hura wuta. Ya sa Nuala ta tsaya a ƙofar wani kango mara rufi, cikin rigar ruwanta rawaya da shi ya zaɓa mata don ta fito a hoto.

"Yi murmushi mana! Dubi kyan wurin nan."

"Gidan su Maire ne. Tare muka yi makaranta. Yunwa ce ta kore su Ingila."

"To ki yi murmushin dai."

Sai da ya gama ɓata safiyar kaf sannan ya duba agogo, ya ga jirgi ya kusa tashi. Nan take laifin ya koma kan hanya, da tumaki, da gwamnatin da ta kasa faɗaɗa titi.

Suna shiga Kilbrackan Nuala ta ga garin ya yi tsit. Kantin garin a rufe, an sauke labule. Mashaya a rufe. Wani dattijo yana tsaye a ƙofar gidansa da hula a hannu.

"Des, tsaya. Gawa za a wuce da ita. Ka faka, ka kashe mota."

"Wace gawa? Ni ban ga komai ba."

Suna shan kwanar coci ya gani. Garin gaba ɗaya yana kan titi cikin baƙaƙen kaya, suna tafiya a hankali, ana jan carbi, muryar limamin coci tana tashi jama'a suna amsawa. Motar gawa tana can gaba ba komai a cikinta, domin daga coci zuwa makabarta a kafaɗa ake ɗaukar mamaci. Maza shida suna ƙarƙashin akwatin, kowa ya dafa kafaɗar na kusa da shi. Wata motar madara da ta taho daga ɗaya ɓangaren ta riga ta shige gefe ta kashe inji, direban ya sauko ya tsaya.

Desmond ya bi bayansu yana kaɗa yatsu a sitiyari, yana huci.

"Wannan tafiyar hawainiya har yaushe? Jirgi ba zai jira mu ba fa."

"Ya tafi mana! Desmond, don girman Allah, ba a wuce gawa."

"A wace doka? Ai mamacin ba sauri yake yi ba, mu ne muke sauri."

Ya yi dariyar maganarsa shi kaɗai. Bayan gada titin ya ɗan buɗe, ƙarin faɗin bai fi na amalanke ba. Desmond ya ga dama. Ya danna oda sau biyu, ƙanana, irin na mai ganin ya yi ladabi, ya karkata dama ya kutsa.

Addu'a ta tsaya cak. Mutane suka dare, tsofaffi suna jan jikoki gefe. Nuala ta nutse a kujera, amma ina za ka ɓoye rawayar riga a cikin baƙaƙe? Tagarta ce ke gogar jama'a, fuska bayan fuska, kuma kusan kowace ta san ta. Da suka zo daidai akwatin, masu ɗauka suka matsa wajen kwata don kada madubin mota ya taɓa su. Ƙafar na baya ta zame, akwatin ya karkata, wata mata ta yi ƙara. Suka tare shi da kyar. Na gaba a ɓangaren titi ya juyo da kansa, kuncinsa manne da katako.

Colman ne. Ya yi furfura, ya rame, amma shi ne. Ya dube ta ta cikin gilashi, ita ma ta dube shi.

A daidai wannan lokacin Desmond ya tuna da darasin safe. Ya saki murmushi, ya ɗaga wa masu ɗauke da gawa yatsa ɗaya daga kan sitiyari.

"Kin gani? Na koyi gaisuwar taku."

"Tsaya."

"Ai mun riga mun..."

"Ka tsaya, ko in buɗe ƙofar nan tana tafiya!"

Ya taka birki. Ta fita, ta bar ƙofar a buɗe, ta koma da ƙafa. Ta tsaya a bakin kwata kanta a ƙasa har akwatin ya wuce, jama'a suka wuce, sannan ta bi sahun ƙarshe. Kunya kamar ƙasa ta tsage ta shige. Wata tsohuwa mai sanda da ake kira Nan ta rage tafiya har suka jera.

"A'a, Nuala 'yar Peadar! Ke ce da kanki? Mun ɗauka Jamusawa ne."

"Wa ya rasu, Nan?"

"Au, ba ki ma sani ba? Ba a kama rediyo a Dublin ne? Bid Folan ce."

Nuala ta maimaita sunan a ranta. Bid Folan, maƙwabciyarsu, wadda ta yi jinyar mahaifiyarsu duk tsawon ciwonta, ta juya ta, ta wanke ta, ta rufe mata ido, lokacin da ita Nuala, 'yar cikinta, take Dublin tana aiko da furanni.

A makabarta ta tsaya. Aka sauke akwati, maza suka tuɓe kwat, shebur ya riƙa zagayawa daga hannu zuwa hannu. Yayyafi ya sauko, ba ta motsa ba. Wannan karon sai da aka mayar da ciyawar ƙarshe aka daddanna ta, sannan ta ɗaga ƙafa. Colman yana goge shebur da ciyawa a gindin katanga. Ta je ta tsaya a gabansa.

"Colman."

Ya miƙe a hankali. Ya cire hularsa, abin da bai taɓa yi mata ba, don ba a cire wa ƙanwa hula. Ya yi magana a tausashe, da muryar da mutanen garin suke ajiye wa baƙi masu tambayar hanya.

"Sannu, baiwar Allah. Jirgin kuke nema, ko? Ku miƙe, in kun wuce makaranta ku yi hagu. Akwai wani da yamma, in kun hanzarta za ku samu. Allah ya sa ku ji daɗin yawonku."

Ya mayar da hularsa, ya saɓa shebur, ya bi mutane.

Ta tarar da motar inda ta bar ta. Desmond ya kumbura fuska, wai an sa ya rasa jirgi. Tawul yana shimfiɗe a cinyarsa, ya yanka kek ɗin da 'yar wuƙar da ya saya a Galway mai hoton garaya a jiki, ya ci kusan rabi, burbushi duk a rigar masuntan.

"Yunwa ta kusa kashe ni," ya ce. "Amma zabibin ya yi yawa."

Ta shiga ta zauna, ta ja ƙofa.

Motocin masu makoki da aka ajiye a bakin makabarta suka fara dawowa cikin gari, suna wuce su ɗaya bayan ɗaya. A gabansu wata motar haya ta faka, wasu baƙi biyu suna juya taswira. Tsohuwar motar Colman ta taho a ƙarshe. Da ya zo daidai baƙin, Nuala ta ga yatsansa ya tashi daga kan sitiyari. Da ya zo daidai su, yatsan ya riga ya koma, idonsa yana kan titi.

Desmond, da kek cike da baki, ya ɗaga nasa yatsan har sama, ya riƙe shi har motar ta wuce.

"Kin gani ko?" ya ce. "Na gaishe shi bai amsa ba. Sannan ki ce mu 'yan birni ne ba mu da tarbiyya."