Sabon Ma'aunin Labaran

A teburin mai shayin Kurmin Mashi suka ƙulla maganar. Labaran ɗalibin jami'a ne, ya ƙirƙiro tambayoyin auna damuwar zuciya da Hausa. Malamansa sun ce ba digiri sai ya gwada su da tsohon ma'aunin Turawa: a yi wa mutum wannan, a yi masa wancan, a ga sun zo daidai, kamar yadda ake gwada sabon mudu da na sarkin kasuwa. Yohanna kuwa babban masinja ne a wata ma'aikata, ƙananan ma'aikata duk a tafin hannunsa suke.

"Baba Yohanna, ku tara mini su, ni kuma in riƙa kai ku ofis a Basfa har ƙarshen damina."

"Kaiwa da dawowa, ɗan boko, ko ka nemi wani."

Aka shirya.

Zamanin SAP ne, shirin gwamnati na tsuke bakin aljihu, kowa a wuya yake. Aka fara da na Turanci. To, a wurin akawu Turanci ai harshen koke ne, da shi yake rubuta ƙorafi kullum. Rashin barci? Akwai. Faɗuwar gaba? Safe da yamma. Audi mai buga tafireta har bayani ya ƙara a gefe.

Washegari Labaran ya shimfiɗa tabarma, ya yi na Hausa baki da baki, wai don su saki jiki.

"Malam Audi, yaya barci?"

"Alhamdu lillahi."

"Kana yawan gajiya?"

"Ba gajiya."

"A gida fa, akwai abin da ke damunka?"

"Lafiya lau suke, Malam. Ya naka iyalin?"

Wane ɗan mutunci ne zai dubi baƙo, yaro ma, ya ce gidansa ba lafiya? Kande mai shara, wadda mai gidan haya ya watso wa kaya waje a Badarawa a makon, cewa ta yi, "Mun gode Allah."

Aka haɗa sakamako, ɗaya gabas, ɗaya yamma. Yohanna ya leƙa ya ce, "To, digirin ya faɗa ruwa ke nan?"

"Baba, ba ku gane ba. Na Baturen ne bai san mutanenmu ba."

Haka ya rubuta, da manya-manyan kalmomi, malamai suka gyaɗa kai, don su ma sun daɗe suna neman laifin Bature. Ya kuma kai wa daraktan ma'aikatar kwafi, wai ladabi.

Labaran ya sami digirinsa. Darakta ya sami hujjar ilimi cewa ma'aikatansa hankalinsu a kwance yake, ya soke maganar da ake ta yi ta ba su gidajen gwamnati. Audi da Kande suka tashi a tutar babu.